Kalmar "Mai Mazari Ɗaya": Ma'anarta da Yadda Take Aiki a Fannonin Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai yana ƙoƙarin bayyana musu darasin kimiyya da Hausa ya san cewa ba dogayen kalmomi ne suka fi ba da wahala ba. Kalmar da ke nufin abu guda tak, kamar sunan wani sinadari ko wata cuta, ana iya aro ta, a gyara mata zama, a wuce. Masu wuyar sha'ani su ne waɗanda ke yawo daga wannan fanni zuwa wancan, suna ɗan sauya ma'ana a kowane zango. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ce wannan maƙala za ta duba, watau kalmar da ake rubutawa *uniaxial* ko *monaxial* da Ingilishi, *uniaxe* da Faransanci, wadda Larabawa suka fassara da *uhadiyyul mihwar*. Likita yana amfani da ita, masanin duwatsu yana amfani da ita, haka masanin tsirrai da injiniyan gini, amma in an tara su huɗun a ɗaki ɗaya aka ce kowa ya faɗi abin da yake nufi, ba za a ji magana ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata amsa da wani ɗalibi ya taɓa ba ni. Na tambaye shi dalilin da ya sa ake kiran wani dutse da wannan suna, sai ya ce ai saboda gefe ɗaya kawai dutsen ke iya juyawa. Yaron bai yi wasa da karatu ba. Ya koyi kalmar a darasin gaɓoɓin jiki, ya riƙe ta da kyau, sa'an nan ya kai ta inda wannan ma'ana ba ta aiki. In har za mu rubuta littattafan kimiyya da Hausa, tilas kalmar da za mu zaɓa ta rage irin wannan ruɗani, kada ta ƙara shi.

2.0 Asalin kalmar da zaɓin takwararta

Kalmar *axis* ta Latin da *axon* ta Girkanci asalinsu ɗaya, kuma ma'anarsu ta farko ita ce itacen nan da ke ratsa ƙafafun keken doki, wanda ƙafafun ke juyawa a kansa. Daga baya ne masana suka cire itacen suka bar layinsa, watau miƙaƙƙen layin da ake ƙaddarawa a tsakiyar abu mai juyawa, kamar wanda duniya ke juyawa a kansa sau ɗaya a yini da dare. *Uni* na Latin da *mono* na Girkanci kuwa duk "ɗaya" suke nufi. Saboda haka *uniaxial* Latin ce tsantsa, *monaxon* Girkanci ce tsantsa, *monaxial* kuma ruwa biyu ce.

To, da me za mu kira wannan layi? Hanya mafi sauƙi ita ce aro, a ce "aksis". Aro ba laifi ba ne, Hausa ta daɗe tana yin sa. Sai dai kalmar ba ta nuna wa ɗalibi kome, kuma ɗalibin Damagaram ko Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci "aks" ya sani, ka ga tun ba a je ko'ina ba an sami kalma biyu. Ana iya ƙirƙiro "majuya" daga aikatau "juya", kamar yadda aka sami "mahaɗa" da "mashiga". Wannan ta dace da gaɓoɓi ƙwarai, amma ita ce za ta tabbatar da kuskuren ɗalibin da na ambata, domin a cikin dutse babu abin da ke juyawa. "Sanda" da "ginshiƙi" kuma sun cika kauri da nauyi.

Ni shawarata ita ce "mazari". Duk wanda ya ga mace tana kaɗi ya ga ma'anar da idonsa: siririn tsinke a tsaye, gululu a gindinsa, an murza shi yana juyi, kowane ɓangare na gululun yana zagaye amma layin tsakiya yana nan inda yake. Ko da mazarin yana kwance ba ya juyi, siffarsa tana nuna shiyya guda da ta bambanta da sauran, watau tsawonsa, alhali in ka kewaye shi ta gefe duk inda ka duba daidai yake. Za a ce mini mazari kayan aiki ne, ba layi ba ne. Haka ne, amma ai ita ma kalmar Latin ɗin daga itacen keke ta fara. Za a kuma ce kalmar tana da wasu ma'anoni, akwai ƙwaron nan mai shawagi a bakin ruwa, akwai kuma "jikinsa yana mazari". Wannan ba ya dame ni, don babu mai karanta littafin kimiyya da zai ɗauka dutse ne ke rawar jiki. A sauran maƙalar nan, ke nan, zan riƙa cewa "mai mazari ɗaya", "mai mazari biyu", "mai mazari uku".

3.0 A gaɓoɓin jiki

A nan ma'anar ta fi kusa da asali. Gaɓa mai mazari ɗaya ita ce wadda ƙashi ke iya juyawa a kan layi guda kawai. Iri biyu ce. Akwai mai aiki kamar ƙyauren ƙofa, tana naɗewa tana miƙewa, kamar gwiwar hannu da gaɓoɓin tsakiya da na ƙarshen yatsu. Akwai kuma mai murɗawa, kamar wadda ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, inda kusan rabin juyin da wuya ke yi in mutum ya girgiza kai yake faruwa. Shi ƙashi na biyun yana da wani ɗan tsini da ya miƙe sama, na farkon yana zagaya shi, shi ya sa ma sunansa a littattafan likitanci *axis*. Wuyan hannu mai mazari biyu ne, kafaɗa da kwatangwalo kuwa masu mazari da yawa.

Abin lura ga mai koyarwa shi ne, a gwiwar hannu mazarin ba ya bin tsawon ƙashi, a gicciye yake, ya ratsa gwiwar daga gefe zuwa gefe. Ɗalibai da yawa suna zana shi a tsaye domin sun ɗauka ƙashin shi ne mazarin. Gwiwar ƙafa kuma ba ta shiga wannan aji sosai ba, saboda in an naɗe ta tana ɗan murɗawa, don haka wasu littattafai ke kiran ta ƙyaure mai gyara, wasu su sa ta cikin masu mazari biyu.

4.0 A duwatsu da haske

A wannan fanni ne kalmar ta fi zurfi, a nan kuma aka fi yi mata mummunar fahimta, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa.

A shekarar 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Rasmus Bartholin, ya bayyana wani abin mamaki game da wani dutse garai-garai da aka kawo daga tsibirin Aislan. In aka ɗora shi a kan rubutu, sai kowane harafi ya zama biyu. In aka juya dutsen a kan takardar, hoto ɗaya ya tsaya cik, ɗayan ya riƙa zagaya shi. Wannan dutse shi ne kalsait, kuma sinadarinsa ɗaya da farin dutsen da ake haƙa don yin siminti a Kalambaina da Ashaka da Malbaza, sai dai na Aislan ɗin ya fito manya-manya, babu gurɓata. Christiaan Huygens ya yi bayanin lamarin a littafinsa kan haske na 1690, a 1808 kuma Étienne-Louis Malus ya gano abin da za mu kira tataccen haske, watau hasken da kaɗawarsa ta koma fuska guda. Daga nan aka fahimci cewa kalsait yana raba hasken da ya shige shi gida biyu, kowane kashi a tace, kowane da saurinsa.

Ga yadda lissafin yake. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa a sararin da babu kome. In ya shiga ruwa ko gilashi sai saurinsa ya ragu, kuma in aka raba saurin farko da na biyu, abin da ya fito shi ne ma'aunin karyewar haske na wannan abu. Gilashi ma'auni ɗaya gare shi ko ta ina haske ya bi. Kalsait kuwa biyu gare shi: 1.658 ga kashi mai bin ƙa'idar da aka saba, da 1.486 ga kashin da ya bauɗe, in ya bi ta gicciye sosai. Ma'ana, na farko yana tafiyar kimanin kilomita 181,000 a daƙiƙa, na biyu kimanin 202,000. Wannan bambancin sauri shi ke haifar da hoto biyu.

Amma akwai shiyya guda a cikin dutsen wadda in haske ya bi ta, kashi biyun suna tafiya da sauri ɗaya, ba su rabuwa, rubutu ya fito ɗaya. Wannan shiyya ita ce mazarin haske, kuma dutsen da ke da irinta guda ɗaya tak shi ne mai mazari ɗaya.

A nan tilas a tsaya a jaddada wa ɗalibi cewa shiyya ake nufi, ba wani layi guda da ke tsakiyar dutsen ba. Misalin da na ga ya fi shiga kai shi ne kunyoyin gona. Kunya ɗari ce a gonar, amma duk gabas da yamma suka miƙe, saboda haka shiyyarsu ɗaya. In ka fasa kalsait gida goma, kowane ɓari yana da mazarinsa, ba wanda zai ce shi ne ya tafi da shi. Dalili kuwa shi ne abin ya samo asali daga yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. A cikin kalsait, rukunonin kabon da iskar oksijin a shimfiɗe suke kamar faifai bisa faifai, duk suna fuskantar gefe guda, mazarin kuwa shi ne shiyyar da ta huda faifan a tsaye. Hasken da ke kaɗawa cikin shimfiɗar faifan da wanda ke kaɗawa a tsaye ba abu ɗaya suke tararwa ba.

A cikin shekarun 1810 David Brewster na Sikotlan ya nuna cewa wasu duwatsun irin wannan shiyya biyu gare su, ya kuma danganta yawan mazari da siffar kiristal. Abin da aka tabbatar shi ne, daga cikin rukunoni bakwai na kiristal, rukunin mai siffar ɗan lido, kamar gishiri da daiman, ba ya raba haske ko ta ina, don haka ba a maganar mazari a kansa. Rukunoni uku, waɗanda siffarsu ke maimaita kanta sau uku ko huɗu ko shida in an kewaya su ta shiyya guda, su ne masu mazari ɗaya. Ragowar ukun masu mazari biyu ne. Kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos mai mazari ɗaya ce, haka zirkon, haka yakutu ja da shuɗi. Tofaz, wanda shi ma ana samun sa a wannan yanki, mai mazari biyu ne.

Bari in ɗan ratse. Bahaushe yana kiran dutsen nan mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi ƙanƙara, yana kuma kiran daskararren ruwa ƙanƙara. Girkawan dā ma haka suka yi, kalmarsu *krystallos* tana nufin daskararren ruwa da kuma dutsen kwaz mai garai-garai, daga gare ta kalmar kiristal ta fito. Kimiyya ta raba su tuni, amma ta wannan fuska ta sake haɗa su, domin kiristal na kwaz da na daskararren ruwa duka masu mazari ɗaya ne.

Amfanin wannan rabe-rabe ba na aji kaɗai ba ne. Masanin duwatsu yakan goge dutse har kaurinsa ya koma milimita 0.03, ya sa shi a maikuroskof tsakanin matatan haske biyu da aka gicciya. In ma'adinin mai mazari ɗaya ne, kuma an yanka shi a gicciyen mazarin, za a ga baƙin gicciye da zobba masu launi kewaye da shi, ko an juya faifan maikuroskof gicciyen ba ya rabuwa. In mai mazari biyu ne, gicciyen zai rabe ya zama baka biyu. Da wannan ake bambanta ma'adinai masu kama da juna a ido, da shi kuma mai sayen duwatsu masu daraja ke gane yakutu daga gilashin da aka rina. Hatta fuskar agogon lantarki da ta wayar hannu masu amfani da ruwan kiristal a kan wannan ƙa'ida suke aiki: ƙwayoyin ruwan dogaye ne, suna miƙewa shiyya guda, lantarki yana karkata shiyyar, haske ya wuce ko ya tsaya.

5.0 A halittu

A nan mazari layin girma ne. Ernst Haeckel na Jamus, a littafinsa kan siffofin halittu na 1866, ya kasa jikunan halittu bisa ga yawan mazarinsu, ya kira masu babban mazari guda *Monaxonia*. Wannan tsari nasa ba a cika bin sa yanzu ba, amma kalmar ta zauna daram a nazarin soson ruwa. Sai a kula, soson da muke wanka da shi a ƙasar Hausa ɗan tsiro ne mai yaɗo, wannan kuwa dabba ce da ke manne a ƙarƙashin teku, wasu irinta kuma a koguna da tafkuna. Jikinta cike yake da 'yan ƙananan allurai na silika ko na alli, akasarinsu sai da maikuroskof ake ganin su sosai, kuma da siffar alluran ake gane jinsinta. Allurar da ta girma a kan layi guda ita ce mai mazari ɗaya.

Wurin tuntuɓe a nan shi ne bambancin mazari da reshe. Allurar da ta fara daga tsakiya ta girma gaba da baya, kamar tsinken sakace mai tsini biyu, reshe biyu gare ta amma mazarinta ɗaya. Wadda ta girma gefe ɗaya kawai, bakinta da tsini gindinta a dakushe ko da ɗan kai kamar fil, reshe ɗaya mazari ɗaya. Ta soson gilashi kuwa reshe shida gare ta a kan mazari uku da suka gicciya juna. Wanda ya fassara mazari da "reshe" ko "ƙafa" ya rushe wannan bambanci gaba ɗaya.

A tsirrai misalin yana bakin ƙofarmu. Francis Hallé da Roelof Oldeman, a aikinsu na 1970 kan tsarin ginin itatuwan ƙasashe masu zafi, sun ware itatuwan da toho guda ne ke gina dukan gangar jikinsu. Giginya irinsu ce, haka kwakwa da gwanda, ko da yake gwanda takan yi rassa in an sare mata kai. Goruba ba ta ciki, domin kanta rabewa yake biyu, kowane ya sake rabewa. Dabino yakan ruɗi mutum: daga nesa sanda guda ne, amma yana fid da 'ya'ya daga gindi, saboda haka a wani aji dabam suka sa shi, tare da ayaba.

6.0 A aikin injiniya

Shi injiniya ba siffar abu yake nufi ba, ƙarfin da aka ɗora wa abin yake nufi. In aka zuba kankare a ɗan akwati mai milimita 150 ta kowane gefe, aka jiƙa shi kwana 28, sa'an nan aka matse shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe har ya fashe, an yi masa gwajin danniya mai mazari ɗaya. In aka kama rodi ta baki biyu aka ja har ya tsinke, an yi gwajin ja mai mazari ɗaya. Kankaren kansa ba shi da wani mazari, injin ne ya ba shi.

Abu biyu ya kamata a sani. Na farko, ƙarfin shiyya ɗaya yake bi, amma sauyin siffa ba shiyya ɗaya yake bi ba. Ƙarfen da aka ja ya ƙaru da kashi ɗaya cikin dubu a tsawo, kaurinsa yana raguwa da kimanin 0.3 cikin dubu. Na biyu, wanda ya fi hatsari, sakamakon wannan gwaji bai isa a yi hukunci da shi a kan abin da ke matse ta kowane gefe ba. Busasshen yashi ba ya ko tsayuwa balle a danna shi, ƙarfinsa a gwajin mazari ɗaya sifiri ne, amma a ɗura shi a buhu a ɗaure, mota sai ta hau. A 1911 Theodore von Kármán ya nuna irin wannan da dutsen marmara: in an danna shi haka kawai sai ya fashe, in kuwa an matse gefensa da ruwa mai ƙarfi tukuna, sai ya ɗauki nauyin da ya fi, ya kuma lotsa maimakon ya fashe. Saboda haka ne ake yi wa ƙasar da za a gina madatsar ruwa a kanta gwajin da ake kira mai mazari uku. Abin dariya, a gwajin da aka saba yi matsin gefen biyu daidai suke, tun da ruwa ɗaya ne ya kewaye samfurin, watau in da masanin kiristal ne ya raɗa masa suna, da mai mazari ɗaya zai kira shi.

7.0 Yadda za a rubuta ta a littafi

Tun da kalma ɗaya ce ke ɗauke da waɗannan ma'anoni, ina ganin marubuci ya riƙa faɗin mazarin mene ne a karon farko da ya ambace shi a kowane babi: mazarin juyi, mazarin haske, mazarin girma, mazarin danniya. Hausa ta sauƙaƙa mana wannan da ɗafa-ƙeyarta ta mallaka, abin da kalmar aro ba ta yi. Jam'i ma ba wuya, "masu mazari ɗaya".

Masu mazari ɗaya na kiristal sun kasu biyu, kuma su ma suna bukatar suna. In ma'aunin kashin da ya bauɗe ya fi na mai bin ƙa'ida, kamar kwaz mai 1.553 da 1.544, ina ba da shawarar a ce "mai ƙari". In ya gaza, kamar kalsait, a ce "mai ragi". Waɗannan sun fi "tabbatacce" da "korarre" da wasu za su so ɗaukowa daga nahawu, domin abin da ake yi a zahiri ɗebe lamba ne daga lamba.

Akwai kuma tarko ga mai fassara da ya saba ganin *mono* ya rubuta "mazari ɗaya" ba tare da ya duba ba. Rukunin kiristal da ake kira *monoclinic* karkata ɗaya sunansa ke nufi, watau ɗaya daga cikin kusurwoyinsa uku ce ta kauce wa digiri 90. Jibsin da ake haɗawa da siminti a wannan rukuni yake, kuma mazarin haskensa biyu ne. Sunan da ya dace da rukunin shi ne "mai karkata ɗaya", a bar kalmar mazari inda ake ƙirga mazari.